FITILAR MOTAR HAYA: ALHAKIN YANA WUYAN MAI SHANU

Bayan gaisuwa da fatan alheri ga shugabannin wannan ƙungiya tamu, da dattawan kara, da dukkan 'yan'uwa fatake da dillalai na nan Libreville da na Oyem da Bitam har zuwa Ngaundare, ina roƙon Edita ya ba ni fili in yi tsokaci a kan wani al'amari da muke ɗauka ƙarami, alhali kuwa dukiyarmu da rayukan yaranmu suna rataye a kansa. Al'amarin nan shi ne fitilun tsofaffin motocin da ke ɗauko mana shanu.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, duk wanda ya loda shanunsa a mota bai sa an kunna masa fitilunta ya gani da idonsa ba, to yana da kaso a cikin duk abin da ya faru a hanya. Sa'an nan tun da samun kayan fitilar tsofaffin motocin nan ya zama aiki, ya kamata ƙungiya ta shigo ciki da hannunta da aljihunta, a daina barin direba shi kaɗai da mai shagon kayan gyara.

Ku dubi yadda muke ɗaukar mota haya. Alhaji zai zagaya ya bubbuga taya, ya leƙa bodi ya ga ko katakon ƙasa ya ruɓe, ya tambayi lafiyar inji, sa'an nan a zauna a yi ta ciniki a kan kuɗin mota da na kamasho har a gaji. Wai shin a cikinmu mutum nawa ne ke cewa, "Malam direba, kunna fitila in gani, taka birki in duba baya"? Dalili kuwa a fili yake: da rana tsaka ake lodi, fitila ba ta zuwa ran kowa. Sai duhu ya shiga, mota tana tsakiyar kurmi, mai shanu yana gida yana barci, sa'an nan asiri ke tonuwa.

To, bari mu tuna wa juna irin hanyar da ake magana a kai. Shanun da ake yankawa a garin nan yawancinsu daga Adamawan Kamaru da ƙasar Cadi suke fitowa. Wasu jirgin ƙasa ke kawo su daga Ngaundare zuwa Yawunde, tafiyar fiye da kilomita 600, wasu kuma a mota tun daga farko. Daga Yawunde a bi Mbalmayo da Ebolowa da Ambam, a ƙetare kogin Ntem a shigo Gabon. Daga Bitam zuwa Libreville kusan kilomita 600 ne kuma: Oyem, Mitzic, Lalara, Ndjole, Bifoun, Kango, Ntoum. Wanda ya taɓa bin tsakanin Lalara da Bifoun ba sai an ba shi labarin kwana-kwana da hawa da gangara ba, ga kogin Ogooue a gefe ta wajen Ndjole, ga hazo mai kama da hayaƙi da ke tasowa daga ruwa da asuba. Ga motocin gungume, domin ko da yake gwamnati ta hana fitar da ɗanyen gungume zuwa waje tun 2010, har yanzu ana jigilarsa zuwa masana'antun katako irin na Nkok. A wasu wuraren ma giwa kan tsallaka titi.

Bugu da ƙari, ƙasar nan a kan layin da ya raba duniya biyu take. Rani da damina, da ƙarfe 6 da rabi na yamma ta gota duhu ya kama, kuma dare da rana kusan tsawonsu ɗaya ne, awa 12 kowanne. Ruwan sama kuwa daga wajen Oktoba har Mayu ba ya ɗaga ƙafa sai ɗan kaɗan. Motar shanu ba ta iya jiran gari ya waye kamar motar siminti, domin dabba tana tsaye ba ci ba sha, kowace awa ramewa take yi. Ke nan, ko mun so ko mun ƙi, wani babban yanki na tafiyar nan a cikin duhu ake yin sa.

Ga wani ɗan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin mita 17 a kowace daƙiƙa. A dokar Faransa, wadda ƙasashen nan suka gaji tsarinta, ƙaramar fitila, watau wadda direbobin Najeriya ke kira dim, na nan kuma su ce kod, dole ta haska aƙalla mita 30, babbar kuma mita 100. Ashe ko da lafiyayyen dim, abin da ke tsakanin direba da abin da ya hango bai cika daƙiƙa 2 ba. To ina ga fitilar da ta dushe ta koma kamar aci-balbal? Kuma ku tuna direban shanu ba ya iya taka birki da ƙarfi yadda ya ga dama. In ya yi haka, shanu su zube a kan juna, wanda ya kwanta a tattake shi, ƙaho ya shiga cikin wani, yaran da ke saman bodi kuma wani ya faɗo. In sa ya jigata cikin dare babu hasken da za a shiga a yanka shi, kafin asuba ya zama mushe, an yi asarar kuɗi an yi asarar nama.

Wani zai ce, to a daina ɗaukar tsofaffin motoci mana. Wannan magana ce ta wanda bai san sana'ar ba. Marsandi mai gajeren hanci, irin su 911 da 'yan'uwanta, tun 1959 aka fara ƙera ta a Jamus, aka ci gaba da yi domin kasuwannin waje har cikin shekarun 1990, kuma an harhaɗa ta a Inugu a kamfanin ANAMMCO. Barliye da Saviem na Faransa sun haɗe a 1978 sun koma Renault. Fijo 504 ta fito a 1968, masana'antar Kaduna ta fara aiki a 1975, kuma a-kori-kurarta ta daɗe tana ɗaukar tumaki da awaki. Waɗannan motoci da tsofaffin DAF da Kanta su ne ƙarfin masu motocinmu ya kai, su ne kuma kowane makanike na bakin hanya ya san cikinsu. A 2013 gwamnatin Gabon ta hana shigo da motar gwanjo da ta wuce shekara 3, daga baya aka sassauta, amma darasin da masu mota suka ɗauka shi ne kowa ya riƙe tsohuwarsa da kyau. Tsufan mota ba laifi ba ne in ana kula da ita. Ai da tsohuwar zuma ake magani.

Inda gizo ke saƙar shi ne kayan gyara. Injin tsohuwar mota ana iya yi masa garambawul sau uku sau huɗu, amma gilashin fitila in ya fashe ya fashe, madubin cikinta in ya yi tsatsa babu mai wanke shi ya dawo. Kamfanonin da suka yi wa motocin Faransa fitilu, irin su Cibie da Marchal, tuni suka narke a cikin Valeo, kuma babu mai ci gaba da ƙera kayan motar da aka daina yi shekaru aru-aru sai kaɗan. Dattawa za su tuna watan Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. Kayan Turai suka ninka kuɗi a dare ɗaya. Tun daga wannan lokaci kasuwa ta karkata ga kayan gwanjo da kayan kwaikwayo, har aka taso da samarin direbobi da ba su taɓa ganin yadda fitilar asali ke haskawa ba.

Yau kayan fitila iri uku ne a kasuwa. Akwai sabo na asali, irin na Hella da Bosch da Valeo da Koito, da ƙwan fitila na Osram da Philips da Narva. Akwai na gwanjo da aka ciro daga jikin motocin da aka farfasa a Turai, wanda muke kira kayan Beljiyam. Akwai kuma na kwaikwayo, wanda a cikinsa akwai mai dama-dama, akwai kuma na jabu tsantsa da aka sa a kwali mai sunan babban kamfani. A nan Libreville abin da ya fi yawa a shaguna shi ne kayan ƙananan motoci da na tasi. Mai neman na tsohuwar babbar mota sau da yawa sai ya aika Camp Yabassi a Duwala, in ba a dace ba a nufi Najeriya: Ladipo a Legas, Nkwo a Nnewi, Mgbuka ta Obosi kusa da Anaca, Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano. Jama'a, duk garuruwan nan akwai namu a cikinsu, akwai masu zuwa da dawowa kowane wata. Hanyar da goro da kilishi da shadda ke bi su iso mu, me zai hana fitila ta bi?

Amma sayen ma sai da ilimi, in ba haka ba a sayo wahala da kuɗi. Ga abubuwan da ya kamata kowane mai aike ya sani.

Na farko, ƙarfin wuta. Ƙananan motoci 12V suke, manyan motoci galibi 24V. A jikin ƙarfen kowane ƙwai an rubuta. In aka sa na 12V a motar 24V, nan take ya ƙone. In aka sa na 24V a motar 12V, sai ya yi ja kamar garwashi. Ƙwan H4, wanda ya fito tun 1971 kuma shi ne a yawancin motocin nan, na ƙaramar mota 60/55W ne, na babbar mota 75/70W. Motocin da suka girme shi suna amfani da R2, mai ƙwai zagayayye, kuma gindinsu ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya lanƙwasa gindi ya cusa wani a gurbin wani, zai ga wuta ta kama, amma hasken ba zai faɗa kan titi yadda ya kamata ba. Na sigina da na birki P21W ne, mai zare biyu kuma P21/5W. Mafi sauƙi a ba ɗan aike tsohon ƙwan ya tafi da shi a aljihu.

Na biyu, hatimi. A jikin gilashin fitila ta ƙwarai akwai harafin E a cikin da'ira da lamba kusa da shi: E1 Jamus, E2 Faransa, E3 Italiya, E4 Holan. Wannan yana nuna ƙasar da ta gwada irin fitilar ta amince da ita. 'Yan jabu ma sukan buga shi, gaskiya ne, amma fitilar da babu shi kwata-kwata ba ta ma kai a tsaya ciniki ba.

Na uku, wanda mutane da yawa ba su sani ba, shi ne kibiya. Gabon da Kamaru da Cadi da Nijar duk hannun dama ake tuƙi, Najeriya ma ta koma dama tun watan Afrilun 1972. Fitilar da aka yi domin hannun dama tana ɗaga haskenta ta gefen dama, wajen bakin titi, tana kwantar da shi ta gefen mai tahowa. Wadda aka yi domin Ingila ko Japan akasin haka take. In ka ga kibiya mai kai ɗaya kusa da hatimin nan a gilashin babbar fitila, ta ƙasashen hannun hagu ce, a bar ta ko da kyauta aka ba ka. Mai kai biyu tana yin kowane hannu, wadda babu kibiya ita ce tamu. Kayan gwanjon Japan da ke biyowa ta Dubai sai an lura da wannan ƙwarai, domin irin wannan fitila tana watsa haske a idon mai tahowa, ta bar mai tafiya a ƙasa a bakin titi cikin duhu.

Na huɗu, madubin ciki. In za ka sayi ta gwanjo, ɗaga ta a rana ka leƙa. In madubin ya yi dishi-dishi, ko ya yi tabon ruwa, ko ya fara ɓarewa, to ta mutu ko da gilashin yana ƙyalli. Kuma kada a sa tsumma a goge shi, domin rufin da ke kai bai kai kaurin fatar albasa ba. Shi ma ƙwan H4 ba a taɓa gilashinsa da yatsa, maiƙon hannu yana rage masa kwana.

Akwai labari mai daɗi ga masu motocin da fitilarsu zagayayya ce mai faɗin inci 7, watau milimita 178, irin ta tsofaffin Land Cruiser, ko ƙarama mai inci 5 da kwata uku. Waɗannan ma'auni ne na bai ɗaya, har gobe ana yin sababbinsu, kuma wanda motarsa ke da tsohuwar fitilar nan da ake yar da ita gaba ɗaya in ta ƙone yana iya musanya ta da mai ɗaukar H4. Masu siffa ta musamman, irin idon Fijo 504, su ne sai an tona a Panteka ko Ƙofar Ruwa. In an samu mai kyau a sayi biyu a ajiye ɗaya. Fitilun baya kuwa babu wani uzuri a kansu, domin akwai masu ɗaki uku, ja da ruwan lemo da fari, da ke hawa kowane irin bodi da ƙusa biyu.

Har ila yau, sau da yawa ana zargin fitila alhali laifin na waya ne. Wayar da ta shekara 30 a jikin mota ta sha zafi ta sha ruwa, mahaɗanta sun yi kore, wutar da ke fita daga batir ba ta isa ƙwai cikakkiya. Masana sun tabbatar cewa in ƙarfin wuta ya ragu da kashi 10 cikin 100, haske yana raguwa da kusan kashi 30. Maganin abin kuwa mai araha ne: mai wayarin ya ja sabuwar waya mai kauri daga batir ta bi ta fis da rile, ya kankare wurin da ake ɗaure waya a jikin ƙarfen mota, wanda a nan ake kira mas. Haka kuma in altaneta tana ba da wuta fiye da kima, ƙari na kashi 5 cikin 100 kawai yana raba kwanakin ƙwai biyu, sai direba ya yi ta zagin mai shago a banza. Abin da ya fi muni shi ne al'adar nan ta naɗa waya ko takardar kwalin taba a gurbin fis. Fis mai gadi ne, an yi shi ya ƙone domin kada mota ta ƙone. Bodin katako cike da ciyawa da dabbobi masu rai ba wurin wasa da wuta ba ne.

Akwai kuma wata cuta da motar shanu kaɗai ke fama da ita, kuma mu muka jawo ta: fitsari da kashi. Kwana biyu ko uku shanu suna tsaye, duk abin da suka zubar ta bayan bodi yake gangarowa, ya bi kan fitilun baya da wayoyinsu, ya haɗu da jar laka ya daskare. Fitsari yana cin ƙarfe da tagulla. Shi ya sa za ka ga motar da fitilun gabanta garau, amma bayanta duhu ƙirin, ko an taka birki sigina ta kama. Motar da ke hawan tudu a hankali cikin dare babu ja a bayanta tarko ce ga bas ɗin fasinja da ke biye. Ya kamata a ɗaura fitilun baya inda fitsari ba ya sauka, a yi musu rumfar ƙarfe da raga, a zura wayoyi cikin tiyo, a liƙa sitika mai ƙyalli a baya da gefe. Kuma a duk inda aka tsaya, karen mota ya ɗauki ruwa da tsumma ya wanke su. Ganyen da muke zubawa a titi in mota ta lalace yana da amfani da rana, amma da dare cikin ruwa wa ke ganin ganye? Alamar danja mai kusurwa uku ita ce ke ƙyalli daga nesa.

Sai kuma sabon yayi. Samarin direbobi sun gano cewa in fitila ta dushe sai a sa ƙwai mai 100/90W, ko a cusa farin ƙwan LED a cikin tsohon kwano, ko a jera fitilun sanda a kan rufi. Mai yawan wat yana narkar da soket da makunni. Shi kuma LED, madubin tsohuwar fitila an auna shi ne daidai da ɗan zaren ƙwan asali, in aka sa wani abu dabam sai haske ya tarwatse ko'ina. Direba yana jin daɗi yana ganin ganyen bishiya fari fat, alhali mai tahowa ya makance. To in mai tahowan nan gungume ya ɗauko, kan wa zai faɗo? Dattawa sun san zamanin da motocin Faransa ke zuwa da fitila rawaya, domin doka ce a can daga shekarun 1930 har zuwa 1993. Waɗancan fitilu ba su kai na yau ƙarfi ba, amma an saita su, kuma saiti shi ne rabin gani. Yadda ake yi ba wuya: a tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri mita 10 daga bango, a kunna dim, iyakar hasken ta sauka ƙasa da tsayin fitila da kamar santimita 10 zuwa 15. A sake dubawa bayan an yi lodi, domin nauyi yana danne baya ya ɗaga hanci.

Yanzu bari mu zo kan doka. Ƙasashen CEMAC suna da dokar hanya ta bai ɗaya tun 2001, kuma Kamaru da Gabon duk suna neman takardar binciken lafiyar mota, wadda muke kira bizit, tare da kart giris da inshora. Ƙa'idar launi kowa ya san ta: gaba fari ko rawaya, baya ja, sigina ruwan lemo, lambar mota ta baya da haskenta. Abin takaici shi ne yadda wasu masu mota ke aron fitila ranar bizit su mayar washegari, wasu kuma takardar kawai ke zuwa gida mota ba ta je ko'ina ba. Mu kuma mun saba da ware kuɗin hanya, har muna ganin kamar abin da aka miƙa a shinge ya wanke mota. Takarda ba ta haska titi, haka ma abin da aka miƙa. Kuma ku lura, mataccen ƙwai guda ɗaya hujja ce muka ba duk mai son ya tsare mota. Mota ta kwana a shinge saboda fitila, shanu sun ƙara yini ba ruwa, an rasa ranar kasuwa, mahauta sun saya a hannun wani. Wanda motarsa ta cika ƙa'ida shi ke da bakin magana, ita ma ƙungiya in za ta kai kukan yawan shingaye gaban hukuma, sai ta je da hannu mai tsabta a saurare ta.

Na san abin da wasu 'yan'uwa za su ce. Wani zai ce, "Alhaji, motar ba tawa ba ce, na biya kuɗin haya, sauran ya rage wa mai ita." To mai ita asararsa tsohon ƙarfe ne, kai kuwa jarinka ne gaba ɗaya a ciki, wani lokaci har da kuɗin mutane da ka karɓo amana, da ɗan ƙanenka da ke zaune a saman bodi. Wa ya fi wani asara? Wani zai ce lokacin Layya mota tana wuya, in ka tsaya bincike wani ya ɗauke. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa abin ba zai yiwu da mutum ɗaya ba sai an haɗa baki. In kowa ya ƙi loda makauniyar mota, cikin wata guda za a gyara su duka. Wani kuma zai ce haɗari ƙaddara ce. Babu mai musun ƙaddara. Amma tun muna yara a Islamiyya malamai suka koya mana cewa tawakkali yana zuwa ne bayan an yi sababi, kuma hanya tana da haƙƙi, dabba ma tana da haƙƙi a kan wanda ya ɗaure ta ya hana ta gudu. Rigakafi ya fi magani.

Saboda haka ina ba shugabanni shawarwari kamar haka.

Ɗaya, a kafa ƙa'ida a duk wuraren lodinmu cewa ba a ɗora ko maraƙi sai an gwada fitilu a gaban mai shanu ko wakilinsa da ɗan kamasho: dim, babbar fitila, sigina huɗu, birki, ja na baya, da hasken lamba. Minti 5 ya isa.

Biyu, kowace mota ta tashi da ɗan akwati mai ƙwan gaba 2, na baya 4, fis iri-iri, salatif, tocila mai batir, da alamar danja 2. Kuɗin wannan duka bai kai na ƙafar sa ɗaya ba.

Uku, a buɗe asusu. In aka ce sefa 500 a kan kowane sa, motar da ta ɗauki 25 ta kawo 12,500. Da wannan a riƙa sayo kaya na ƙwarai a dunƙule ta hannun amintattunmu na Duwala da Kano, a ajiye a ofishin ƙungiya a nan, da kuma wajen wakilanmu a Bitam ko Oyem, a sayar wa masu mota a kan farashin da aka sayo. A rubuta komai a littafi, a karanta a taron wata, domin kuɗin jama'a sai da shaida.

Huɗu, a rubuta sunayen motocin da ke mana aiki kullum, da irin fitilar kowace da irin ƙwanta, domin in za a yi aike a san abin da za a sayo. Duk motar da ta mutu za a farfasa, a riga 'yan gwangwan zuwa a ciro fitilunta.

Biyar, a nemi masu wayarin biyu ko uku da aka yarda da aikinsu a yi yarjejeniya da su, kafin damina da kafin Layya su bi motocin nan ɗaya bayan ɗaya. Direban da ya shekara bai jawo tsaiko ba saboda fitila, a riƙa fifita shi wajen lodi, sauran su gani su yi koyi.

Ga 'yan'uwana direbobi kuma, wannan magana ba cin fuska ba ce. Mun san wahalar da kuke sha, mun san wasu iyayen gidanku in kun ce a sayi ƙwai sai su ce a lallaba. In ƙa'idar nan ta kafu, ku za ta fara yi wa rana, domin ku ne a gaban mota.

Daga ƙarshe ina kira ga Shugaba da 'yan kwamiti da su sa wannan batu a cikin ajandar taro mai zuwa, a gayyato masu motoci da 'yan kamasho a yi shi a gabansu, kada ya tsaya a takarda. Allah Ya tsare mana hanya, Ya kiyaye dukiyarmu da ta jama'a, Ya sa albarka a cikin nemanmu, amin.